Gurbin da Na Bari a Waƙar Bikin Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin ina ɗaliba a wata kwaleji a Jimeta, babu wanda ya kai ni faɗa da Turawa. A takarda dai. Muna da 'yar ƙungiyar marubuta da ke haɗuwa ran Asabar a gindin wata bishiyar dogon yaro, kowa ya karanta abin da ya rubuta. Ni kuwa waƙa ɗaya nake rubutawa kullum, take kawai nake canja mata: baƙar fata abin alfahari ce, Bature ya cuce mu, an ɗaure kakanninmu da sarƙa an zuba su a jirgin ruwa. Na iya ɗaga murya, na iya kaɗa yatsa. Ni da ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne Binuwai. Bature kuwa sau ɗaya na taɓa ganinsa kusa, shi ma mangwaro ya tsaya saya a bakin titi, bai ma san ina yi ba. Amma in na gama sai a tafa, ni kuma in hau mota in koma gida ina jin na 'yanto Afirka.

Gidanmu a Wuro Hausa yake, cikin tsohon garin Yola. Mahaifina Bafulatani ne, fari, siriri, magana ba ta dame shi ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, 'yar Bacama ce daga wani ƙauye a bakin kogi wajen Numan. Iyayenta Kiristoci ne, masunta. Karatun aikin jinya ya kawo ta Yola, a nan suka haɗu da Baba, ta musulunta, aka yi aure. Baƙa ce sosai, irin baƙin nan mai sheƙi. Mu biyu ne a ɗakinta, duk mata. Ni na kwaso ta kaf, ban bar komai ba. Ƙanwata kuma ta kwaso Baba, har in mun fita tare sai an tambaya ko uwarmu ɗaya.

Sai Goggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Ita ke da ta-cewa a duk wata hidima. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ita ta yi wa Dada wankan jego sau biyu, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda, kuma duk da tana cewa Fulani ba su san cin kifi ba, in Dada ta yi miyar busasshen kifi sai ta aiko a ƙara mata. Amma akwai kalma ɗaya da ba ta barin bakinta: kaɗo. Ga wanda ba ɗan wajenmu ba, da wannan kalmar Fulani ke kiran wanda ba Bafulatani ba, mace ko namiji. Wani lokacin wasa ce, wani lokacin kuma ba wasa ba ce, sai dai ka gane daga yadda aka ja ta. In na fasa kofi, "aikin kaɗo." In na yi dariya da ƙarfi, "kaɗo ba ya iya dariya a hankali." In baƙuwa ta tambayi wace ce matar gidan, sai Goggo ta rage murya ta ce, "Kaɗo ce, amma tana da hankali." Dada ta fi mu iya Fulatanci, don haka babu abin da ke wuce ta. Ban taɓa jin ta tanka ba, mu ma muka taso muna jin kalmar kamar yadda ake jin ƙarar ƙofar gida.

Ana nan sai aka sa ranar auren ƙanwata. E, ƙanwar aka fara zuwa nema, kuma ba sai na gaya muku abin da matan unguwa suka ce dalili ba. Dangin angon Fulanin unguwar Adarawo ne, irin gidan da ake ƙirga kakanni a gaban baƙo kafin a ba shi ruwa. Wata rana ƙanwata ta same ni a ɗaki ta ce, "Adda, ke da kike rubuta wa mutanen da ba ki sani ba waƙa, ni ba za ki rubuta min ta bikina ba? Ranar yini nake so ki karanta." Na ce an gama. Na ma ji daɗi, don ban taɓa samun taro mai girman wannan ba.

Ban sha wahala ba ko kaɗan. Duk wanda ya taso yana jin waƙoƙin biki ya san yadda ake yabon amarya, kalmomin a shirye suke, ɗauka kawai za ka yi. Na rubuta fara tas kamar nonon safe, na sa dogon hanci, na sa gashi har gadon baya, na kawo shanu da ƙwarya da kakannin Baba. Da na gama na fito ina taƙama na sami Dada a ƙofar madafi tana ɓare busasshen kifi a faranti. Na ce ta saurara ta ji aikin 'yarta. Tana ji tana aikinta, har na zo wani layi, sai ta ce, "Maimaita min wurin nan."

Na maimaita: "Jinin Fulani ne babu gauraye."

Ta gyaɗa kai. Na ci gaba har ƙarshe. Ta ce, "Waƙa ta yi daɗi, Allah ya yi albarka. 'Yar wace ce?"

Na yi dariya na ce, "Dada, amaryarmu mana."

Ta ce, "A'a. Wadda ni na haifa tana da gauraye. Ni ce gaurayen." Ta ci gaba da cire ƙaya daga kifinta.

Wallahi ban yi layin nan da wata manufa ba. Ya zauna daidai a ma'aunin waƙar ne kawai, kuma na sha jin irinsa a bikin mutane. Amma na tsaya a wurin riƙe da takarda na rasa inda zan sa idona.

Washegari na kai ƙara wajen ƙawata. Tare muke a ƙungiyar marubutan, ita da Turanci take rubutu. Gidansu a Jimeta yake, babanta malamin makaranta ne, kuma su ma Bacama ne, tana cikin mawaƙan cocinsu. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk "ya" ne a wajenta, kullum ina tsokanarta a kan haka. Na ba ta labari ina jiran ta ce Dada ta cika fassara. Sai ta ce, "Mamanki ya yi gaskiya." Na ce "ta" ake cewa, ba "ya" ba. Ta ce, "Ko ya ko ta, gaskiya ne. Ke kullum Asabar kina zagin Bature. Bature ya taɓa ce wa mamanki kaɗo? Kin tsallake gidanku kin tafi har Amurka neman wanda ya raina baƙi."

Na ji haushinta ƙwarai.

A makon ne kuma Dada ta aike ni da wani saƙo da ya ƙarasa tunzura ni. Mahaifiyarta, wato Kakarmu, za ta zo bikin tare da ƙannen Dada mata biyu. Kaka ba ta cika zuwa Yola ba, mu ma ba mu cika zuwa can ba, ba na jin yarensu ban da gaisuwa, ita kuma Hausarta ba ta wuce ta cinikin kifi ba. Saƙon shi ne in roƙi iyayen ƙawata su sauke su a gidansu a Jimeta, wai Goggo ta ce gidanmu zai cika da baƙi. Na ce, "Wane baƙo ne ya fi uwar uwar amarya?" Dada ta ce in je inda aka aike ni. Daga baya na ji Goggo da kaina tana tsara zaman ranar yini: surukai a kan darduma a gaba, dangin Baba a gefensu, mutanen Numan kuma a sa musu benci ta wajen madafi, wai a can za su fi sakewa. Kowa ya gane abin da ake nufi. Ba a so matan Adarawo su yi ta tambaya.

Nan fa mai 'yanto Afirka ta sami yaƙi a tsakar gidansu. Na yaga waƙar farko na zauna na rubuta ta biyu. Na ce kalmar nan da ake rage murya a faɗa, ni a lasifika zan faɗe ta. Na ɗora ƙafiyar waƙar gaba ɗaya a kan wasalin "o", kowane layi ya ƙare da shi, don kowane baiti ya sauka a kan kaɗo. Ni kaɗo ce, 'yar kaɗo, jikar kaɗo, amaryar da kuka zo ɗauka nonon kaɗo ta sha. Haka na yi ta jero su. Na riƙa gwaji a ɗaki da ƙarfi, na manta bango ɗaya ne tsakanina da Goggo. Ko kuma ban manta ba, ban sani ba.

Ta aika aka kira ni. Ta ce da Fulatanci, "Na ji abin da kike haddacewa. In kika buɗe baki da kalmar nan a gaban surukai, kin zubar da mutuncin gidan nan, kuma ƙanwarki ce za ta zauna da su, ba ke ba."

Na ce, "Goggo, ai a bakinki na koye ta. In ba ta da kyau a gaban baƙi, me ya sa take da kyau a gaban Dada?" Da bakina ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na ƙara da cewa unguwar da muke ciki ma sunanta Wuro Hausa, garin Hausawa ke nan, to a garin kaɗo muke kwana muke tashi. Goggo ta dube ni ta ce tashi ki ba ni wuri. Ranar ko miyar kifi ba ta aiko a ƙara mata ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ƙanwata ce. Ta zo da lalle a hannu tana kuka, ta ce, "Adda, don Allah. Na san gaskiyarki, ni ma abin yana ci min rai. Amma bikina ne. Ke za ki karanta ki koma makaranta a tafa miki, ni ce zan kwana a gidansu." Na so in ce na fasa, amma in na tuna bencin nan na wajen madafi sai zuciyata ta sake tashi.

Dada ce ta raba gardamar. Da hantsi, gida ya ɗan yi shiru, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "Karanta min ta biyun." Na miƙe tsaye na karanta mata da dukkan ƙarfina, har da kaɗa yatsan. Na ɗauka za ta yi kuka ta rungume ni. Sai ta ce, "Ta farko ta share ni. Wannan kuma ta ɗaura ni a sanda tana kaɗawa don ki yi faɗa da Goggonki. Duk biyun ban ga kaina a ciki ba."

Na ce, "Dada, kare ki nake yi. Kalmar nan nake so in mayar abin alfahari."

Ta ce, "Alfaharin wa? Kaɗo ƙabila ce? Akwai garin da in kika je za a ce miki nan ne garin kaɗo, ga yarensu, ga abincinsu? Bahaushe kaɗo ne, Bacama kaɗo ne, Camba kaɗo ne, mai shagon Ibo na bakin kasuwa ma kaɗo ne. Buhu ne da ake zuba duk wanda ba a damu a san ko shi wane ne ba. Shekara da shekaru ana zuba ni a ciki ban tanka ba, yanzu 'yar cikina za ta zuba ni, har da lasifika." Ta gyara ɗankwalinta. Sannan ta ce, "Kin ma san sunana?"

Na ce haba Dada. Ba na faɗa dai, amma ai yana kan takardun makarantarmu.

Ta ce, "Wannan sunan, ranar da na musulunta aka ba ni shi, kuma ina son sa, da shi zan tashi gaban Allah. Amma kafin shi akwai wanda uwata ta raɗa min."

Ni da shekara ashirin da 'yan kai a duniya, ban taɓa tunanin wannan ba. Ta faɗa min shi a hankali. Gajeren suna ne mai daɗi, ta ce ana sa wa yarinyar da aka haifa lokacin da kogi ya cika. Kuma, ikon Allah, da wasalin "o" ya ƙare. Na tambaye ta ko a can gida da shi ake kiranta. Ta girgiza kai. Ta ce ranar da ta je ta gaya wa Kaka an canja mata suna, Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "To, tunda kin ajiye wanda na ba ki, ni ma na ajiye." Sabon kuma bakinta ya ƙi ɗauka. Tun daga ranar "ke" take ce mata. Ke zo, ke ci abinci, ke gai da yaran. Dada ta ce, "Zaman benci bai dame ni ba, uwata ta zauna a wurin da ya fi benci wuya. In dai za ki rubuta wani abu a kaina, ki rubuta ni da mutanena yadda muke. In ba za ki iya ba, ki yabi ƙanwarki ki sauka."

Ta tashi ta fita, ta bar ni da waƙoƙi biyu da ba su da amfani.

Ta ukun ta ba ni wahalar da ban taɓa sha ba a rubutu. Babu kalmomi a shirye, sai da na riƙa bin Dada madafi ina tambaya: yaya jirgin Kakanmu yake, wa ke saƙa taru, me ake ci da damina. Na bar ƙafiyar a kan "o" yadda take, don yanzu ina da inda nake so ta sauka. Sai kuma na ci karo da katanga. A gidanmu ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, ko a ɗaki, balle a taro. Ko wata mai irin sunan muka haɗu da ita, sai dai mu ce mai sunan Dada. In na kama sunan mahaifiyata a lasifika a gaban surukai, na ba Goggo gaskiya ke nan, za a ce ga tarbiyyar kaɗo, kuma Dada za a zaga, ba ni ba. Ni kaina ma da na gwada faɗinsa ni kaɗai a ɗaki, harshena ya yi nauyi. A ƙarshe na yanke shawarar in kai layin har bakin sunan in yi shiru, in ja numfashi, in wuce zuwa addu'a. Dada za ta gane. Ita kaɗai ma ta isa.

Ranar yini, bayan la'asar, tsakar gida ta cika da mata. An kafa rumfa, anko ko'ina, turare har yana hawa kai. Surukai na kan darduma, Goggo na tsakiyarsu tana jan carbi. Zabiya ta gama wasa kakannin Baba da na ango, an yi mata liƙi. Can wajen madafi, kusa da manyan tukwane, ga Kaka a benci, 'yar ƙaramar tsohuwa baƙa da ɗankwalin coci, ga ƙannen Dada biyu, ga ƙawata da ta rako su tana yi musu tafinta. Dada kuwa ba ta zauna ba tun safe, tana ta kai da kawowa da tire.

Aka ce yayar amarya za ta karanta waƙa. Na karɓi makirfo. Na fara:

Amarya, tuna wadda ta yi miki goyo,
Ta hana idonta barci saboda reno,
Daga bakin Binuwai ƙaddara ta ɗauko
'Yar masu taru, ta kai ta gidan masu nono.

Tun a layi na biyu na ga carbin Goggo ya tsaya. Ta ji "o", ta ji wani "o", ta san ƙafiyar nan, ta bango ta haddace ta. Ta kafe ni da ido. Ƙanwata a ƙarƙashin mayafi ta damƙe hannun ƙawarta. Su biyun jira suke kalmar ta faɗo. Na ci gaba:

Hasken da Baba ya ba ki, wannan gado,
Jinin da Dada ta ba ki, shi ma gado,
Kakanki ɗaya da sanda ya bi garke ya dawo,
Ɗayan da jirgi ya ratsa ruwa ya kawo.

Na ji wata daga cikin surukan ta ce "Allah sarki." Na bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, na ambaci ƙauyen, na ambaci kifin da aka yi kuɗin makarantar Dada da shi, na ambaci tsohuwar da ta tuƙa jirgi da ciki wata tara. Ban zagi kowa ba, ban kare kowa ba. Sai na iso na ƙarshe:

Tana da suna mai tsarki da ta samu a taro,
Tana da wanda uwarta ta raɗa tun tana goyo,
Ni 'ya ce, kunya ta hana bakina ya kawo,
Ga dai gurbinsa, sunan farin Dada shi ne...

Na yi shiru.

Gidan ya yi tsit, don kowa kunnensa na jiran abin da zai cike layin. Goggo ta runtse ido. Ni kuma na ja numfashina zan wuce zuwa addu'a kamar yadda na tsara. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙawata. Tun farkon waƙar bakinta na kunnen Kaka, tana juya mata layi bayan layi. Daga baya ta gaya min abin da ta ce mata a wurin: "Yarinyar ya ce akwai sunan da kika ba 'yarki, amma shi ba zai iya faɗa ba."

Sai muka ji murya daga wajen tukwane. Ba ta yi kama da muryar 'yar tsohuwar nan ba. Ta ja sunan da tsawo, yadda ake kiran wanda ke tsallaken kogi, kuma ya faɗa cikin gurbin daidai, kamar da shi aka auna layin. Da shi ɗin aka auna.

Dada na tsakiyar fili da tire cike da kwanuka. Ta amsa. Ba da Hausa ba, ba da Fulatanci ba, da yarensu ta amsa, da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta sunkuya ta ajiye tiren a ƙasa a kan hanya, ta ratsa mata ta tafi wajen bencin ta durƙusa. Kaka ta dafa kanta ta sake kiran sunan, wannan karon a hankali. Ni dai ban karanta addu'ar ƙarshen ba har yau. Ina tsaye da makirfo ina kuka kamar wadda aka yi wa duka, kwalliyar da na biya kuɗi aka yi min duk ta dame.

Babbar yayar uwar ango, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta juya ta tambayi Goggo, "Wace ce tsohuwar can?" Kowa na kusa ya ji tambayar. Goggo ta ce, "Kakar amarya ce. Uwar uwarta." Dattijuwar ta ce, "To me take yi a wajen hayaƙi?" Goggo ba ta aiki kowa ba. Da kanta ta miƙe, da ciwon gwiwarta, ta je ta kamo hannun Kaka ta kawo ta kan darduma, tana ce mata jaɓɓama, wato barka da zuwa, kamar yanzu ta sauka daga mota. Ko kunyar surukai ce ta tashe ta, ko wani abu ne ya motsa a ranta, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Bayan biki Goggo ta ɗauke min wuta na wani lokaci. Ranar da ta sauko, ina shara ta kira ni ta ce, "Na ɗauka za ki kunyata mu. Ashe kin san ba a kama sunan uwa. Wannan kunyar tamu kika ɗauko." Na ce, "To Goggo, na gode da aka samo min wani abu naku a jikina." Ta ce bakin ne dai ba namu ba. Muka yi dariya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta daina cewa kaɗo ba, tsohuwa ba ta sake harshe a rana ɗaya. Amma ban ƙara jin ta faɗe ta a kan Dada ba. "Mutanen Numan" ta koma cewa, kuma da Kaka za ta koma gida, Goggo ce ta ɗaure mata man shanu a kwalba.

Kaka ta yi 'yan shekaru bayan nan kafin ta rasu. A tsakanin, duk zuwan da muka yi ƙauyen, sai ta kira sunan nan ba dalili. Ta kira, Dada ta amsa ta zo, ta ce ba komai, jeki. Har Dada ta fara ƙorafi wai an mayar da ita yarinya. Tana ƙorafin tana murmushi.

Yanzu ni ke koyar da adabi, kuma duk shekara sai ɗalibai sun kawo min waƙoƙin baƙar fata da sarƙa da jirgin ruwa. Ba na yi musu dariya, don abin da suke faɗa ya faru, kuma ni ma daga nan na fara. Nakan dai tambaye su wa ake rage murya a ambata a gidansu, kuma ko sun taɓa tambayarsa da wane suna yake so a kira shi. Goggo ma na daina jin haushinta tuntuni. Abin da ta tarar ana faɗa ta faɗa, kamar yadda ni ma na tarar da "babu gauraye" a shirye na ɗauka na sa a waƙa. Na yi waƙoƙi da yawa tun daga lokacin, wasu har an buga, amma babu layin da nake alfahari da shi kamar wanda ban ƙarasa ba.

Na san wasunku za su tambaya a ƙasa, to mene ne sunan? Ku yi haƙuri. Dada na nan da ranta, kuma ni 'yarta ce. Mai kiran sunan ta riga ta kira, mai shi kuma ta amsa.